Kawu da Fangalin Gwaji

Ranar addu'ar uku ta Kawu a garin Gulma na lura da wani abu da ban saba gani a zaman makoki ba. Mutane suna shigowa da jajayen idanu, su yi gaisuwa, su nemi wuri a tabarma, kafin a jima sai ka ji dariya ta tashi a wani gefen rumfar. Liman ya ɗaga kai sau biyu kamar zai tsawatar. A na ukun wani ya raɗa masa labarin da ake yi, shi ma ya sunkuyar da kai yana murmushi.

Wani tsoho ya zo daga Ambursa a bayan babur, sai da aka kama shi ya sauka. Malamin gona ne da ya daɗe da yin ritaya. Ya riƙe hannun babban ɗan Kawu, wato taubashina, ya daɗe bai sake shi ba, sannan ya ce, "Shekara talatin muna gardama da mutumin ga, ban taɓa kada shi ba. Yanzu da wa za ni yi?" Ya zauna ya yi kuka kamar yaro.

A cikin gida kuma mata ne daga Argungu da ƙauyukan da ke kewaye, waɗanda yawancinsu ban san su ba. Suna gama yi wa matar Kawu gaisuwa sai su tambayi inda Inna take. Inna ita ce mahaifiyata, ƙanwar Kawu, autarsu. Da na leƙa na kai mata ruwa na tarar da su sun kewaye ta, wata ta ɗora kai a kafaɗarta. Inna ba ta kuka a lokacin. Ta zauna ƙyam, tana amsa gaisuwa da murya mai ƙarfi. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallonta, domin shekara shida da suka wuce ban yi zaton za ta rayu ta ga wannan rana ba, kuma in na faɗi gaskiya, da shawarata aka bi wataƙila da ba ta gan ta ba. Na ce wataƙila, don Kawu da kansa ya hana ni cewa tabbas. Zan zo kan wannan.

Ba tarihinsa zan rubuta ba, ban ma san shekarar da aka haife shi ba. Shi yakan ce ya haura tamanin, matarsa takan ce yana ƙarawa. Abin da na gani da idona zan rubuta, da kaɗan daga abin da na ji a bakin waɗanda na yarda da su, don kada 'ya'yanmu su tashi ba su san irin mutumin da aka yi a gidan nan ba.

Kawu manomin shinkafa ne, bai taɓa zama a aji ba. A kusurwar gonarsa ta fadama, ta wajen gulbi, akwai fangali biyu ƙanana, wato 'yan filayen dashe da aka kewaye da kunya don riƙe ruwa, kunya ɗaya ce ta raba su. Duk sabon irin da ya shigo gari, ko malamin gona ne ya kawo, ko ɗan kasuwa, ko wani ya dawo da shi daga tafiya, Kawu yakan karɓi kwano ɗaya ya zuba a fangali guda. A na gefensa kuma ya zuba tsohon irinsa. Rana ɗaya yake dasa su, ruwa ɗaya, taki ɗaya. In an yi girbi sai ya sa a buga kowanne daban, ya auna da kwanon da ba ya canzawa. Ba ya yarda da sakamakon shekara ɗaya. Sai iri ya yi damina uku a nan, kuma in so samu ne ɗaya daga cikinsu ta zama ta ambaliya, kafin ya bar shi ya shiga babbar gona.

Daga nan ya samo tambayar da aka san shi da ita. In ka zo masa da labarin wani abu da ya yi kyau, taki ne, maganin ciyawa ne, ko addu'ar da wani ya ce ta kori tsuntsu daga gonarsa, sai ya saurare ka har ƙarshe, ya gyara hula, ya ce, "To ina na gehe?" Yana nufin wanda ba a yi wa komai ba, da za a kwatanta da shi. Yara a Gulma har kwaikwayonsa suke yi. An ce wata rana matarsa ta ce sabon sabulun da ta saya ya fi fitar da wanki, ya tambaye ta ina na gefe, ta miƙo masa rigarsa mai datti ta ce ga shi nan, ya je ya wanke da tsohon.

Gardamarsa da malamin gonar nan ta samo asali tun ina ƙarami. An kawo wani iri gajere mai saurin nuna, ana ta yabonsa a rediyo, ana cewa yana ninka amfani. Malamin ya tara manoma a ƙofar mai gari ya yi bayani, kusan kowa ya juye gonarsa zuwa sabon iri a shekara guda. Kawu ya karɓi kwanonsa ɗaya. Malamin ya kira shi mai taurin kai a gaban jama'a, wasu suka ce baƙin ciki yake da ci gaba. Shekarar farko irin ya yi kyau ƙwarai, har a fangalin Kawu ya doke tsohon, aka yi ta yi masa ba'a a masallaci. A ta biyu gulbi ya cika ya haura. Gajeren iri ya nutse ya ruɓe. Tsohuwar jar shinkafar Kawu, wadda take tsawo tana bin ruwa, ta tsaya da kanta a sama. Abin da ya rasa fangali ɗaya ne.

Bai yi wa kowa gori ba. Da lokacin shuka ya kewayo ya buɗe rumbu ya zauna a gindinsa da kwano, duk wanda ya zo ya ɗiba masa iri. Har malamin gonar ya aika wa, ko da yake an ce ya haɗa da saƙon cewa a gwada a fangali ɗaya tukuna, kada a yarda da shi haka kawai.

Kada wani ya ɗauka Kawu maƙiyin sabon abu ne. Shi ne na farko a unguwarsu da ya sayi injin ban ruwa ya shiga noman rani. Wani iri da malamin nan ya sake kawowa bayan shekaru ya ci jarrabawar damina uku, Kawu ya cika gonarsa da shi, ya riƙa bin mutane gida gida yana tallarsa fiye da malamin. Abin da ba ya so kawai shi ne a yi masa gaggawa.

Ni kuwa na yi karatu har jami'a, kimiyyar halittu na karanta, ina koyarwa a wata sakandare a Birnin Kebbi. Kawu yana kirana Mai Digiri. Mahaifina ya rasu tun ina aji uku, don haka ni da Inna muke zaune a unguwar Badariya, kuma duk abin da ya shafi takarda ni ake miƙa wa.

Inna ta ji ƙullutu a mamanta na hagu, ta ɓoye wata biyu kafin ta faɗa wa yayata, yayata ta faɗa mini. A asibiti aka ɗebi ɗan nama aka kai gwaji. Sakamako ya dawo, ciwon daji ne. Likitar, wata mace mai ƙarancin shekaru da kullum gajiya take a fuskarta, ta ce an yi sa'a bai bazu ba tukuna, amma dole a cire maman gaba ɗaya, sannan a bi da ƙarin ruwan magani na watanni, wataƙila har da gashi, wato ƙona ciwon da na'ura, a Sakkwato. Ta sa ranar aiki, mako uku masu zuwa.

Inna ta daina cin abinci. Ni kuma na shiga waya. Na karanta duk abin da na samu, kuma a cikin kwanakin nan ne labarin wani sabon magani ya cika ko'ina. Ana cewa masana a ƙasar waje sun gano allurar da take koya wa jiki ya cinye ciwon da kansa, ba yanka, ba zubewar gashi. Kanun labaran suna cewa an kawo ƙarshen ciwon daji. Wani abokin aikina ya turo mini bidiyo, ya haɗa ni da wani mutum da ya ce shi wakilin wata cibiya ce ta waje, ya kama gida a cikin gari yana ba da allurar. Sharaɗinsa ɗaya, kada a bari a taɓa ciwon da wuƙa, wai yanka yana lalata aikin maganin.

Na nuna wa Inna bidiyon. A ranar ta ci tuwo. Na ce mata mu ɗage aikin wata uku mu gwada wannan, in bai yi ba sai mu koma. Har yau ina mamakin sauƙin da na faɗi maganar nan. Ban yi da mugun nufi ba. Na ga tana tsoro, ni ma ina tsoro, ga wani ya zo yana cewa ba sai an sha wahala ba.

Inna ta ce ba za ta yanke komai ba sai Yaya ya ji, wato Kawu. Aka aika Gulma. Washegari da hantsi sai ga shi a mota ta haya daga Argungu, da buhun shinkafa da ƙullin busasshen kifi, alhali ana gab da girbin rani. Na ba shi wayar ya kalli bidiyon sau biyu. Ya ce in kai shi wurin mutumin.

Falo ne mai sanyi, da kujeru masu laushi da babbar talabijin. Mutumin yana sanye da farar rigar likitoci, kowa yana ce masa Dakta. Ban ga wata shaida a bango ba, kuma ban tambaya ba. Ya kunna mana hoton mata uku, kowacce tana faɗin yadda ta warke tana godiya. Kawu ya kalla da natsuwa, hularsa a gwiwa.

"Alhamdu lillahi, matan ga ukku sun warke," in ji shi. "Su nawa anka ba maganin?"

Mutumin ya ce da yawa, ba za su ƙirgu ba.

"To sauran suna ina?"

Ya ce sirrin marasa lafiya ne. Kawu ya tambayi shekara nawa ke nan da warkewar matan, ya ce kwanan nan ne. Ya tambaya ko ciwonsu irin na ƙanwarsa ne, ya ce daji duk daji ne. Sai Kawu ya gyara zama, na san abin da ke tafe.

"To ina na gehe?"

Mutumin bai gane ba, ya dube ni. Dole ni na yi masa bayani, cewa tsohon yana tambayar rukunin da ba a ba maganin ba, ko aka ba su maganin da aka saba, don a kwatanta. Ina cikin faɗa na ji kalmomin suna fitowa daga bakina daidai yadda na rubuta su a jarrabawar shekarar farko a jami'a, daidai yadda nake koya wa ɗalibaina. Mako guda ina karatu a waya ban yi wannan tambayar ba.

Mutumin ya yi dariya ya ce Baba bai san yadda bincike yake ba. Ya ce an gwada maganin a jikin ɓeraye a can, ciwon ya narke gaba ɗaya.

"Ɓeraye," in ji Kawu. Ya juyo gare ni. "Mu nan neman abin kashe su mukai, ashe can jinyarsu akai." Ya koma ga mutumin. "Allah shi ba su lahiya. Amma ƙanwata ba ɓera ta ba."

Ran mutumin ya ɓaci. Ya ce shi dai abin da zai iya faɗa, tun da ya fara ba da allurar nan ko mutum ɗaya bai mutu a hannunsa ba. Jin haka Kawu ya sa hularsa, ya yi masa godiya, ya fita.

A bakin titi muka yi faɗan da ba mu taɓa yi ba. Ya ce shekara sittin yana noma bai taɓa ganin irin da ba ya ɓata ko gindi ɗaya ba, duk wanda ya ce nasa bai ɓata ba, ko dai bai duba ba, ko ya duba ya ɓoye. Ni kuma kunyar da na ji a ciki ta juye ta zama fushi. Na ce masa wannan ba shinkafa ba ce, kimiyya ce, abin da manyan masana suka yi shekaru a kai ba manomi ne zai rushe shi da tambaya ɗaya ba. Na ce in Inna ta mutu a ƙarƙashin wuƙa, ya san wanda ya kai ta. Masu babur da ke wurin suna ta kallonmu.

Bai daka mini tsawa ba, da ya yi da na fi jin sauƙi. Sai ya ce, "Mai Digiri, ka yi gaskiya wuri guda. Na tambayi wancan, ban tambayi mai wuƙa ba. Kai ni gare ta."

Muka jira a benci har bayan azahar kafin likitar ta samu sarari. Ya yi mata tambayoyin nan duka, bai rage ko ɗaya ba, har na ji nauyi. Ba ta ji haushi ba. Ta ce aikin da za a yi wa Inna an daɗe ana yinsa, a kan mata masu yawa a ƙasashe da yawa, an kwatanta shi da wasu hanyoyi, an bi matan shekaru ana dubawa. Ya tambaye ta ko akwai waɗanda suka mutu. Ta ce akwai. Ta ce ita kanta ta rasa wasu, akwai waɗanda ciwon ya dawo musu bayan an yi komai, kuma ba za ta yi masa alkawarin Inna ba ta cikinsu ba. Abin da za ta iya cewa, waɗanda aka kama da wuri kamar Inna sun fi samun tsira, kuma wata uku na jira yana iya fitar da ita daga cikinsu.

Na tambaye ta labarin sabon maganin. Ta ce binciken gaskiya ne, ita ma tana bibiyarsa da fata, amma wanda ake ta yaɗawa an gwada shi ne a kan mutane kaɗan masu wani nau'in ciwo daban, kuma ba a daɗe ba balle a san ko warkewar za ta ɗore. Ta ce masu kanun labarai sun yi gaba sun bar masu binciken a baya. Abin da ke cikin kwalbar mutumin can kuwa, ta ce ba ta sani ba, kuma ba ta jin akwai wanda ya sani.

Da muka fito Kawu ya ce, "Wagga ta san matattunta." Muka kama hanyar gida.

Bayan la'asar ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida ya kira Inna. Ya faɗa mata duk abin da aka yi, har abin da bai yi wa ra'ayinsa daɗi ba, har cewa likitar ba ta yi alkawari ba. Bai ambaci abin da na faɗa masa a titi ba, kuma bai taɓa ambatarsa ba har ya bar duniya.

Inna ta ce, "Yaya, da shi na shayar da su duka. Ƙaƙa zan koma ga Ubangijina da rabin ƙirji?"

"Auta, ɗiyanki sun yi gemu, ba sauran mai nema," in ji shi. Ya buɗe baki ya nuna mata. "Ni haƙorana nawa sunka rage? Kina ganin za a koro ni daga kabari in nemo sauran?"

Ta yi dariya tana share hawaye, ta ce shi ba ya girma. Sannan ta ce, ai shi ma yana gwada sabon iri, me zai hana ta gwada wata ukun nan.

"Ina gwadawa," ya ce. "Gonata babba ta, ina iya ba sabon iri lungu guda, in ya nutse ya nutse, mu ci na sauran. Ke jikinki guda na. Ba shi da lungun da za mu bayar."

Ya ce mata bai ce za ta tashi ba, wannan na Allah ne. Ya ce jikinta ne, duk abin da ta zaɓa zai tsaya mata. Daga nan ya tashi ya tafi masallaci. Inna ta shige ɗakinta. Da safe na tarar ta fito da jakarta tana jera zannuwa, ta ce in kira asibiti in tabbatar ranar tana nan.

Aka yi aikin a tsakiyar girbi. Kawu ya bar wa ɗansa gona, abin da bai taɓa yi ba, ya tare a gindin wata bishiya a harabar asibiti da butarsa da tabarmarsa. Watannin ƙarin ruwa sun fi aikin wuya. Gashinta ya zube, bakinta ya yi gyambo, ta rame har zobenta yana faɗuwa. Akwai ranakun da na tsaya a bayan ɗakinta ina tambayar kaina ko mun yi daidai. Abinci ɗaya cikinta yake karɓa, kunun jar shinkafar nan ta Gulma da ɗan romon kifi. Duk mako Kawu yakan kawo da kansa, ya zauna sai ta shanye, yana ba ta labarin wanda ya yi aure da wanda injinsa ya faɗa gulbi. Ya raka ta Sakkwato gashi, ya dawo yana cewa tuwonsu bai kai namu ba.

Akwai wata maƙwabciyarmu a Badariya da ciwo irin na Inna. Danginta sun bi mutumin allura. Ba ta kai damina ta gaba ba. Shi kuma ya kulle gidan, lambarsa ta daina shiga. Da muka dawo daga jana'izarta na ce wa Kawu, ka gani, ga abin da ya so ya same mu. Na zaci zai ji daɗi. Sai ya ɓata rai. Ya ce ban san girman ciwonta ba lokacin da aka gano shi, ban san abin da likita ya faɗa musu ba, mace ɗaya a nan mace ɗaya a can ba gwaji ba ne. Ya ce in yi mata addu'a in rufe bakina, kada in je ina ƙona zuciyar 'ya'yanta da abin da ban sani ba. Ko tashin Inna, ya ce, ba hujjata ba ce, rahama ce. Hujjar tana wurin matan nan masu yawa da likita ta ce an bi shekaru. Shi ya sa na ce wataƙila tun a farko, kuma a nan zan tsaya.

Amma Inna ta tashi. Gashinta ya fito, ya ma fi na da laushi. Ta koma kasuwancinta na shinkafa, tana shan ƙwayarta kullum, tana zuwa a duba ta a kan lokaci, kuma duk zuwa ana cewa ba a ga komai ba. Ta ga auren ƙanwata, ta goya jikoki biyu da aka haifa bayan aikin. Hannunta na hagu yakan kumbura in ta yi aiki da yawa, ta ɗaga shi sama tana yi masa faɗa kamar yaro.

Labari ya bazu a Gulma da kewaye cewa ƙanwar mai fangali an yanke ta kuma tana nan da ranta. Mace in ta ji ƙullutu sai mijinta ya zo wurin Kawu a asirce, yawanci da wayarsa a hannu da sabon bidiyo, domin kusan duk shekara sai an sake kawo ƙarshen ciwon daji a waya. Kawu yakan kalla har ƙarshe, ya yi tambayarsa, sannan ya ce a kai ta Badariya wurin Auta. Inna ta shigar da ita ɗaki ta nuna mata tabon, ta sa ta taɓa, washegari ta raka ta asibiti da kanta. Ba duka suka rayu ba, wasu sun zo a makare. Amma matan da na gani sun kewaye ta ranar addu'ar uku, su ne. Da ƙafafunsu suka zo.

Bai daina tambayar sabon maganin ba. Duk zuwana sai ya ce, "Mai Digiri, allurar ɓerayen nan, ta kai ga mutane?" Na koyi in karanta har ƙasa kafin in ba shi amsa, in nemi su nawa ne, da wa aka kwatanta, an bi su tsawon wane lokaci. Bara na gaya masa cewa likitar Inna ta ce wasu daga cikin irin waɗannan magunguna sun ci gwajinsu a kan wasu nau'o'in ciwon, har an fara ba da su a asibitoci. Ya yi murna kamar an yi masa haihuwa. Ya ce to yanzu sun ga ruwa kamar irin da ya tsallake ambaliya, in sun iso nan shi zai fara kai mutane.

Zazzaɓi ne na kwana huɗu ya ɗauke Kawu. Ya rasu bayan azahar a ɗakinsa, Inna tana riƙe da kofin ruwansa. Ban taɓa ba shi haƙuri a kan maganar titi ba. Sau da yawa na shirya, in na fara sai ya kawo zancen taki.

Da jama'a suka ragu ranar addu'ar, taubashina ya ce in zo mu duba gona, ya ƙara da cewa in cire takalmin boko kada fadama ta cinye shi. An girbe ko'ina sai kusurwar nan ta wajen gulbi. Fangali biyu suna tsaye sun nuna, da turakun da Kawu ya kafa da hannunsa. Ɗaya sabon iri ne a shekararsa ta biyu, na gefe kuma tsohon irinsa. Taubashina ya ce masu aiki suna so su haɗa su da sauran a buga gaba ɗaya, tunda mai aunawa ba ya nan.

Ba mu san Inna ta biyo mu ba. Ta tako ta kan kunya, mayafinta a ɗaure a ƙugu, kwanon Kawu a hannunta na dama. Ta ce a yanka kowanne daban, a shimfiɗa tabarma biyu. Taubashina ya ce Gwaggo ki bari, hannunki. Ta ce hannunta ya ga abin da ya fi wannan. Da aka yanko, ta karɓi sanda ta fara bugun damin farko, ni kuma ta miƙo mini kwanon ta ce in auna, in cika shi daidai, kada in yi gaggawa, saura damina ɗaya.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa makwanci fiye da fadamar da ya bari, ya saka masa da alheri a kan kowace mace da ta koma gida wurin 'ya'yanta. Mu kuma ya ba mu haƙurin tambaya irin nasa.